Tambaya da Amsa: Ina Masu Sayen Sunan Shafin Intanet Suke, Me Ke Watsa Ciniki?

A wannan fitowar filin namu ya karkata ga masu sayen sunan shafin intanet, wanda 'yan harkar ke kira domen, su ajiye har a zo a taya. Ga wasiƙu biyar da amsoshinsu.

Assalamu alaikum. Shekara biyu ke nan ina tara sunaye, yanzu ina da 140, yawancinsu masu ƙarewa da .com. Ko tayi ɗaya ban taɓa samu ba, ga kuɗin sabunta rajista yana cinye mini jari. Wai ina masu sayen suke? — Wani mai karatu

Wa alaikumus salam. Malam, mu fara da lissafi, don a nan ne mafi yawan sababbin shiga ke yaudarar kansu. Waɗanda suka daɗe a harkar kan ce mai sunaye masu kyau yakan sayar da ɗaya ko biyu cikin kowane ɗari a shekara. Ke nan a naka 140, in komai ya tafi daidai, biyu ne ko uku. Mu ɗauka kana biyan dala 12 a kan kowane suna: dala 1,680 ke fita daga aljihunka duk shekara. In ka sayar da biyu, kasuwa ta cire la'adarta ta kashi 15 cikin 100, sai kowanne ya kai kusan dala 1,000 kafin ka mayar da uwar kuɗi. Riba tana bayan nan.

Sai ka yi wannan gwajin yau. Buɗe waya, rubuta ɗaya daga cikin sunayenka, ka ga abin da baƙo zai gani. Idan farin shafi ne mai cewa ba a samu wurin ba, ko tallace-tallacen kamfanin da ka yi rajista a wurinsa, to ka buɗe shago ne ba ƙofa. Tun Mayun 2018, lokacin da dokar kare bayanan mutane ta Tarayyar Turai ta fara aiki, kundin WHOIS, inda ake duba wanda ya mallaki suna, ya daina nuna imel da lambar wayar mafi yawan masu sunaye. Wanda yake son sunanka ba shi da hanyar samunka sai wadda ka buɗe masa.

Maganin wannan ba ya cin awa guda. Ka sa sunayen a kasuwannin intanet na cinikin sunaye, wato Afternic, wadda mallakar kamfanin rajista na GoDaddy ce, da Sedo ta Jamus, sannan ka canja saitin kowane suna a kamfanin rajistarka yadda zai kai mutum shafin da ke cewa na sayarwa ne. Ka rubuta farashi tsayayye. Amfaninsa babba ne: waɗannan kasuwanni suna da yarjejeniya da kamfanonin rajista da yawa, don haka idan wani ya nemi sunan a can, zai gan shi da kuɗinsa, ya biya da kati nan take ba tare da ya yi magana da kai ba. La'adar kan fara daga kashi 10 ta haura 20, gwargwadon kasuwar da hanyar da mai saye ya biyo.

Magana mai ɗaci kuma ita ce, mai yiwuwa rabin kayanka kwantai ne. Ɗauki sunayen ɗaya bayan ɗaya. Kamfanoni nawa ne a duniya ke aiki da wannan kalma yanzu haka? An riga an kama ta a .net, .org ko .co? In ka faɗi sunan da baki, mai sauraro zai rubuta shi daidai ba tare da ya ce ka maimaita ba? Shiga NameBio, inda ake tattara cinikin da aka yi a baya, ka ga nawa aka sayar da irinsa. Manhajojin da ke ƙiyasta farashi kuwa, kallon kitse suke sa mutum ya yi wa rogo: za su ce sunanka ya kai dala 2,000, amma ba za su saya ko a 20 ba. Duk sunan da ya faɗi waɗannan gwaje-gwaje, ka bar shi ya mutu idan wa'adinsa ya cika. Labarin Voice.com da aka sayar dala miliyan 30 a 2019 gaskiya ne, sai dai kalma ɗaya ce da kowa ya sani, ba kalmomi uku da lamba a tsakiya ba.

Na gaji da zaman jira. Ina so in riƙa rubuta wa kamfanoni da kaina. Ta ina zan fara, kuma akwai haɗari? — Wani ɗan kasuwa

Akwai riba, akwai haɗari. Mu fara da haɗarin, don shi ke iya raba ka da sunan gaba ɗaya.

Kafin ka aika ko harafi ɗaya, bincika ko kalmar alamar kasuwancin wani ce mai rajista. Hukumar WIPO da ke Janeba, mai kula da haƙƙin mallakar fasaha a duniya, tana da kundin bincike na kyauta, haka ma USPTO, ofishin rajistar alamun kasuwanci na Amurka. Tun 1999 akwai tsarin UDRP na warware rikici a kan sunayen shafuka, wanda duk mai sunan .com ya amince da shi a ranar da ya yi rajista, ko ya karanta ko bai karanta ba. Mai ƙara zai tabbatar da abu uku: sunan ya yi kama da alamarsa, ba ka da wani haƙƙi a kansa, kuma ka yi rajistarsa kana amfani da shi da mugun nufi. Tsarin ya faɗa ƙarara cewa kama suna don a sayar wa mai alamar da kuɗin da ya zarce abin da aka kashe shaida ce ta mugun nufi. Wato wasiƙar tallarka ita ce hujjar da lauyansu zai fara gabatarwa. Kuɗin shigar da ƙara a WIPO gaban alƙali ɗaya dala 1,500 ne, don haka in ka nemi 5,000, ka riga ka nuna musu hanya mafi arha. A Amurka ma akwai wata doka ta 1999 da ta ba kotu damar cin tarar dala 1,000 zuwa 100,000 a kan kowane suna. Tsuntsun da ya ja ruwa, shi ruwa kan doka.

Idan kalmar ta gama-gari ce, to bismillah. Nemi waɗanda sunanka ya fi nasu: mai dogon suna, mai karan ɗori a tsakiya, mai zaune a .net alhali kai kana riƙe da .com, da wanda ke biyan Google kuɗin talla a kan wannan kalma. Goma zuwa talatin sun isa. Ka lalubo mai kamfanin ko shugaban sashen talla a LinkedIn, kada ka jefa saƙo a akwatin da kowa ke aika wa. Saƙon kada ya wuce layi huɗu, sunan ya zama shi ne kan magana. Misali: "Wannan suna yana hannuna. Na ga kamfaninku yana amfani da mai karan ɗori. Zan sayar da shi dala 900 ta hannun Escrow.com. Idan kuna buƙata, ku amsa wannan saƙon." Ban da maƙala fayil, ban da dogon kirari.

Ka aika ɗaya-ɗaya, daga imel mai sunan shafinka wanda aka saita masa SPF, DKIM da DMARC, wato saitunan da ke tabbatar da cewa saƙon daga gare ka ya fito. In babu su, akwatin shara zai faɗa. Bayan mako guda ka tuna musu sau ɗaya, ka ƙyale su. Ka kuma sani cewa wanda ya kai kaya ƙofar gida ba ya samun farashin wanda aka zo wurinsa. Irin wannan ciniki a ɗaruruwan daloli yake yawan ƙarewa.

An taya mini wani suna dala 800. Na yi kwana biyu ina tunani, sannan na ce 6,000. Yau mako uku ke nan shiru. Na kasa barci. In rubuta in ce na sallama a 800 ɗin? — Wata mai karatu

'Yar'uwa, kada ki yi haka, aƙalla ba da wannan lafazin ba. In kin sauko daga 6,000 zuwa 800 ba tare da ya ce uffan ba, kin gaya masa cewa farashinki ba shi da tushe, kuma tayinsa na gaba 400 zai zama.

Kuskuren farko kwana biyun nan ne. Mai neman suna galibi yana da jerin uku ko biyar a takarda, kuma ya tuntuɓi masu su a rana ɗaya. Wanda ya fara amsawa shi ke samun kunnensa. A bari ya huce shi ke kawo rabon wani. Na biyu, kin faɗi adadi tsirara ba dalili. Da kin kawo cinikin sunaye biyu ko uku masu kama da naki, da kuɗinsu, da ya samu abin nuna wa abokin kasuwancinsa ko mai sa hannu a kan kuɗi. Sau da yawa wanda ya rubuto ba shi ne mai yanke hukunci ba. Shirun ma ba lallai ƙi ba ne. Wani kasafinsa ne bai kai ba, wani aikin ne gaba ɗaya aka ɗage.

Yanzu ki duba ko an yi rajistar kalmar a .co ko .net bayan ranar da ya taya. In an yi, mai yiwuwa shi ne, kuma wannan ba mummunan labari ba ne: idan kasuwancinsa ya kankama, saƙonnin abokan cinikinsa suka fara ɓacewa zuwa .com, zai dawo da kuɗin da ya fi na farko. In ba a yi ba, ki aika saƙo ɗaya mai ɗauke da sabon abu. Ki ba shi 3,500 in ya kammala cikin kwana bakwai, ko ki ba shi damar biya kashi-kashi, misali dala 300 a wata har wata 12. Wasu kasuwannin suna gudanar da wannan da kansu: sunan yana hannunsu, mai saye yana amfani da shi, ba ya zama nasa sai ya biya kashin ƙarshe, in ya tsaya a hanya kuma sunan ya dawo gare ki.

Shin 800 ɗin ma ya dace a ce masa albarka? Tarihin sunan ne zai faɗa. In shi ne tayi na farko cikin shekara uku, to da kin nemi 1,500 kun haɗu a tsakiya. In kuwa na uku ne a bana, riƙe abinki. Shi ya sa ake buɗe littafi: ranar tayi, adadinsa, abin da kika mayar, awa nawa kika ɗauka, ta wace hanya ya zo. Kuma kowane suna ki yanka masa adadi uku tun kafin kowa ya zo, wanda za a gani a rubuce, wanda za ki sallama da farin ciki, da wanda ba za ki sauka ƙasa da shi ba. Mai wannan ba ya kwana biyu yana tunani.

Wani ya amince da dala 15,000 ko ragi bai nema ba, amma ya ce sai na kawo takardar ƙiyasin daraja daga wani shafi da ya turo mini, kuɗinta dala 90. In biya? — Wani sabon shiga

A'a. Tsohuwar damfara ce. Shafin nasa ne ko na abokan cin mushensa, dala 90 ɗin nan ita ce cinikin gaba ɗaya, kana biya zai yi ɓatan dabo. Mai saye na gaskiya in yana son ƙiyasi shi ke biya.

Tunda maganar ta zo, ga yadda ake miƙa suna. Ku shiga ta hannun kasuwar da ka sa shi, ko ta Escrow.com, kamfanin da ke riƙe kuɗi amana tsakanin mai saye da mai sayarwa: ku amince da sharuɗɗa, mai saye ya biya su, su tabbatar kuɗi ya shiga, kai ka miƙa sunan, shi ya tabbatar ya karɓa, su sakar maka kuɗinka. Saƙon da ke cewa kuɗi ya shiga ana iya ƙirƙirarsa, saboda haka ka rubuta adireshinsu da hannunka ka shiga asusunka ka gani da idonka. Lambar izinin canja kamfanin rajista ita ce makullin, ba ta fita sai kuɗi ya zauna. Karɓar manyan kuɗi ta PayPal daga baƙo cinikin biri a sama ne, domin mai saye yana da kwana 180 na shigar da ƙorafi, ga kuma haɗarin ya biya da katin sata. Sannan in sunan bai cika kwana 60 da rajista ko da sauya kamfani ba, ƙa'idar ICANN, hukumar da ke kula da tsarin sunayen intanet, ta ba kamfani damar hana fitar da shi, kuma yawancinsu suna hanawa. Ka faɗa wa mai saye tun farko, ka ba shi shawarar buɗe asusu a kamfanin da sunan yake a tura masa ta ciki. Ciniki da dama a wannan gaɓar suke rugujewa, mai saye ya zaci wasa ake masa da hankali.

Na bar wani suna ya ƙare, sai ga mai saye. Akwai yadda zan yi? — Wani mai karatu

Ya danganta da kwanakin da suka wuce, Malam. A .com, kamfanin rajista na iya riƙe sunan har zuwa kwana 45 bayan ƙarewarsa, kodayake da yawa suna sa shi a gwanjo kafin lokacin ya cika. In ba a yi gwanjonsa ba, sai ya shiga kwana 30 na fansa, inda za ka iya dawo da shi da kuɗin da ya ninka na sabuntawa sau da yawa. Daga nan kwana 5 da ba mai iya taɓa shi, sai a sake shi, kuma kamfanonin da ke cafke irin waɗannan sunaye sun fi yatsanka sauri. Shiga asusunka yanzu ka ga matakin da yake, ka fanshe shi tukuna, sannan ka amsa wa mai saye. In ya riga ya fita daga hannunka, ka goge shi daga duk kasuwar da ka sa shi, don kada wani ya biya kuɗin abin da ba ka da shi a rufe maka asusu.