Batun zanen tatu da ka tambaye ni

Ɗana, saƙonka ya iso tun daren Talata, na bar shi ya kwana biyu don kada in amsa maka da zafin zuciya. Ka ce kana so a zana maka sunan marigayiya mahaifiyarka a damtse, irin zanen nan na allura da tawada da ake kira tatu. Hujjarka biyu: wai ni ma da bille a fuskata, kuma abokin karatunka Bayahude a Manchesta ya yi nasa, ko da yake kakarsa ta sha kuka tana cewa ba za a binne shi a maƙabartarsu ba. Allah ya jiƙan mahaifiyarka. Kafin ta zama uwarka ƙanwata ce, ni na goya ta, saboda haka na san abin da ke cin ranka.

Billen nan ba ni na zaɓa ba. Kwanana bakwai a duniya wanzami ya sa aska, ba wanda ya nemi shawarata. Tsaga a wurin kakanninmu takardar shaida ce. Zamanin yaƙe-yaƙe da kamun bayi, da fuska ake gane Bagobiri da Bakatsine da Babarbare, yaron da ya ɓata kuma da ita ake mayar da shi gida. Mata su yi shasshawa ko 'yar baka don kwalliya. Da buƙatar ta kau, malamai kuma suka yi ta wa'azi, sai aka saki abin. Dokar kare haƙƙin yara ta Najeriya ta 2003 ma ta hana yi wa yaro tsaga ko tatu. Dubi fuskarka a madubi. Mahaifiyarka ce ta hana a taɓa ta ranar sunanka, ina zaune ta yi gardama da kakarka har ran tsohuwa ya ɓaci.

Kukan kakar abokinka yana da tushe. A cikin Attaura, Littafin Firistoci sura 19 aya 28, an hana su tsaga jiki saboda mamaci, an kuma hana su yi wa jikinsu zane. Ka lura, ayar da ta hana zanen ita ce ta ambaci mamaci, wato daidai halin da kake ciki. Malamansu na da sun yi wa abin fiƙihu kamar yadda namu ke yi: suka ce laifin yana cika ne idan an haɗa biyu, an tsaga fata an kuma zuba tawadar da ba ta fita. Babban malaminsu Musa bin Maimun, haifaffen Ƙurɗuba wanda ya yi likitanci a Masar ya rasu a 1204, ya ce asalin hanin shi ne masu bautar gumaka kan yi wa jikinsu alama don nuna cewa su bayin gunkin ne.

Maganar hana binnewa kuwa, tsohuwar ta zarce. Ba ta cikin shari'arsu, tsoratarwa ce ta iyaye da ta bazu har aka ɗauke ta doka. Amma akwai wani ciwon da ƙila abokinka bai faɗa maka ba. A sansanin Auschwitz da ke ƙasar Polan, tun daga 1941 'yan Nazi na Jamus suka riƙa zana wa fursunoni, ciki har da Yahudawa masu yawa, lamba a jiki, yawanci a hannu, kamar yadda ake yi wa shanu shaida. Malamansu sun ce wanda aka yi wa dole ba shi da laifi. Tsohuwar da ta tashi tana ganin irin waɗannan hannaye, yaya za ta ji in jikanta ya biya kuɗinsa aka soka masa allura? Ko da yake a cikin jikokin akwai waɗanda suka zana lambar kakanninsu a hannunsu don kada a manta, har yau kuma ana saɓani a kansu.

Namu hukuncin ka san shi tun kana allo. A Buhari da Muslim, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya la'anci mai yin zanen da wadda ake yi wa. Lalle ba ya ciki, don shi a kan fata yake, mako biyu ko uku ya gushe. Tawadar tatu kuwa ƙarƙashin fata ake tura ta. Masu cirewa da na'urar leza sai sun yi ta komawa asibiti, ga tsada, ga baƙar fata irin tamu da kan bar tabo ko ta yi kumburi mai tauri. Allurar da ba ta da tsabta kuma tana yaɗa ciwon hanta.

Ni dai ban yarda ba, kuma na san ita ma ba za ta yarda ba. Kai baligi ne, kana wata uwa duniya, ba ni da igiyar da zan ɗaure ka da ita. In ka riga ka yi kana jin nauyin faɗa ne, ka gaya mini, ba zan yi maka tonon silili ba.

Rijiyar makarantar allon unguwarmu ta rufta tun daminar bara, almajirai sai sun je bakin kasuwa ɗibar ruwa. Na tambayi mai haƙa, gobe zai kawo mini lissafi. Ka faɗa mini nawa mai zanen ya ce zai karɓa, in cika sauran, mu yi ta da niyyar ladan ya kai gare ta. Gwaggonka tana gaishe ka, ta ce ko kilishin ya iso?