Amsoshin Tambayoyi: Kukan Injin, Zaɓen Giya da Hannu, da Maganar Man Giya

Tambaya: Motata atomatik ce, kuma ban daɗe da fara tuƙi ba. Kwanakin baya na taka totur da ƙarfi don in wuce wata babbar mota, sai injin ya yi wani irin kuka, allurar da ke gefen ta gudu ta haura kusan lamba 5. Tun daga ranar nake tuƙi gabana yana faɗuwa. Na ɓata wani abu ne?

Amsa: Malama, kwantar da hankalinki, babu abin da kika ɓata. Allurar nan tana ƙirga yawan juyawar injin a minti ɗaya, kowace lamba kuma dubu ce, wato injinki ya juya kusan sau 5,000 a minti. A yawancin injunan fetur jan layin da ke kan agogon yana farawa ne tsakanin 6,000 da 6,500, na dizal kuwa ƙasa da haka, don haka ko iyakar ma ba ki kai ba. Da kika danne totur, motar ta gane kina buƙatar ƙarfi nan take, sai ta sauko da giya ɗaya ko biyu, domin injin fetur sai ya juya da sauri yake ba da cikakken ƙarfinsa. Abin da nake jiye miki shi ne ki tsorata da kukan ki ɗage ƙafa alhali kina gefen babbar mota a hannun da ba naki ba. Idan hanya ta buɗe kuma kin yanke shawarar wucewa, ki taka har ki gama. Abin da ya cancanci damuwa shi ne ƙwanƙwasa daga cikin injin, ko jar fitilar baƙin mai ta kama, ko allura ta haura mota kuwa ba ta ƙara gudu ba.

Tambaya: Na sayi mota mai M da alamun + da − a jikin giya. Ina so in riƙa tuƙa ta kullum kamar manuwal, ina kai allura jan layi kafin in canza. Akwai illa? Kuma zan rage shan mai?

Amsa: Samari, maganar rage shan mai ka cire ta daga ranka, domin wanda ke kai allura jan layi a kowace giya ba tattalin mai ne ya dame shi ba. A D, wato giyar tafiya ta yau da kullum, kwamfutar motar tana hawa babbar giya da wuri don injin ya juya a hankali, kuma da wuya hannunka ya fi ta iya wannan lissafin.

Wannan tsari na M mai + da −, wanda kamfanin Porsche ya fito da shi da sunan Tiptronic a motocinsa na 1990 kafin sauran kamfanoni su bi sahu, bai mayar da motarka manuwal ba. Idan ka taɓa − roƙo kake yi, kwamfuta ce ke da hukunci. In ta ga saukowar za ta wurga injin ya wuce jan layi sai ta ƙi, wasu motocin ma har ƙara suke yi don su sanar da kai. A manuwal ta gaske babu wannan kariya: direban da ya kuskure ya jefa lamba 2 yana kan babban gudu, tayoyi ne za su tilasta wa injin juyawa fiye da ƙarfinsa, bawul su lanƙwashe, kuma na'urar da ke yanke mai a jan layi ba ta da yadda za ta yi, tunda ba totur ne ya jawo juyawar ba.

Ka kuma duba littafin motarka, domin ba kowace alama ce ke nufin abu ɗaya ba. A motocin Toyota da dama masu S, idan ka ga S4 a dashbod ba yana nufin kana lamba 4 ba, yana nufin motar za ta canza da kanta daga 1 zuwa 4 amma ba za ta wuce nan ba. Haka L da 2 da D3 suke a tsofaffin motoci da dama, haka ma maɓallin O/D OFF da ke hana shiga giya ta ƙarshe.

Inda zaɓen giya ke da amfani na gaske shi ne doguwar gangara, da hawan tudu da kaya idan motar ta shiga hawa giya tana saukowa babu ƙaƙƙautawa (wannan kai-kawon yana dafa man giya), da shirin wuce wata mota. Kai allura sama jefi-jefi ba ya cutar da lafiyayyen injin da ya ɗauki zafi. Amma kada ka yi haka injin na sanyi. Ka ba shi kamar minti goma na tafiya a hankali, ka kuma sani allurar zafi ruwa take aunawa, baƙin mai kuwa ya fi ruwa jinkirin ɗumama. Kada ka sauko da giya da ƙarfi a kan titi mai santsi. Sannan ka daina birki da giya a kowace tsayawa, domin takalmin birki an yi shi ne don ya cinye a canza, farantan kuloc na cikin giyabos kuwa sai an sauke shi gaba ɗaya ake kai wa gare su.

Tambaya: Abokina ya ce in ina son mota ta tashi da ƙarfi in taka totur tana N (firi), in allura ta hau sai in jefa D. Gaskiya ne?

Amsa: Za ta tashi da ƙarfi kam, har ranar da za ta ƙi tashi. Farantan kuloc ne ke karɓar wannan duka suna ƙonewa. Ka ce wa abokin naka ya gwada a tasa.

Tambaya: Nakan sa mota a N a gangara don in rage shan mai. Wani ya ce kuskure ne.

Amsa: Malam, mutumin ya faɗa maka gaskiya. A motocin zamani, idan mota na cikin giya tana gangarawa ƙafarka kuma ba ta kan totur, kwamfuta takan yanke mai gaba ɗaya, tayoyi ke juya injin. A N kuwa dole injin ya sha mai don ya riƙe silo, wato abin da kake gudu shi kake yi. Mafi muni, ka ɗora wa birki nauyin motar shi kaɗai. Man birki na DOT 3 yana tafasa a digiri 205 yana sabo, amma in ya tsufa ya sha danshi yana iya tafasa a kusan 140, kuma idan ya tafasa za ka taka birki ya tafi ƙasa babu kamu. A doguwar gangara ka sauko zuwa 3 ko 2 tun daga saman tudu, ka bar injin ya riƙe motar. Zai yi kuka, allura ta zauna wajen 3,000 ko 4,000, kuma babu laifi a hakan.

Tambaya: Tun da aka canza min man giya, in na taka totur injin sai ya yi ta kuka amma motar ba ta ja, sai daga baya ta shiga giya da bugu. Bakanike ya ce duk jan mai ɗaya ne, in ci gaba da tafiya za ta ware.

Amsa: Ɗan'uwa, ka ajiye motar yau, kada ka jira ta ware. Abin da ka bayyana zamewar giya ce, kuma duk zamewa ɗaya tana cin farantan kuloc tana ƙara zafi. Wannan tambaya ita ce ta fi damuna cikin duk wasiƙun, domin mutane suna tsoron kukan injin da ba ya kashe mota, amma suna miƙa giyabos ga duk robar da aka ɗauko daga kanta ba tare da sun karanta ko harafi ɗaya a jikinta ba.

Man giyar atomatik ba shafawa kaɗai yake yi ba. Shi ke ɗaukar ƙarfin injin ya miƙa wa giyabos, shi ke matse farantan kuloc idan za a canza giya, shi ke kwashe zafi zuwa lagireto, kuma an haɗa santsinsa daidai da irin farantan da ke cikin kowane giyabos. Jan launin rini ne kawai, an sa shi don a bambanta shi da baƙin mai idan ya ɗiga. Toyota tana da T-IV tana da WS, kuma ba a musanya su yadda aka ga dama. Honda tana da DW-1. Akwai Dexron na General Motors da Mercon na Ford, kowanne da matakansa. Motoci masu CVT, waɗanda ba su da giya mai lamba sai bel na ƙarfe tsakanin fuli biyu, nasu man daban ne gaba ɗaya, kamar NS-2 da NS-3 na Nissan ko HCF-2 na Honda, kuma zuba musu man atomatik na gama-gari yana sa bel ɗin zamewa ya karce fulin. Duk wanda ya ce maka jan mai ɗaya ne, ko dai bai sani ba ko kuma abin da ke hannunsa yake son sayarwa, kuma ko wanne ne bai kamata ya sake taɓa giyarka ba.

Sai kuma jabu, wanda ya fi kuskure sharri, tunda shi sunan da ke jikin robar daidai ne, abin cikin ne ƙarya. Ana tara tsofaffin robobi a cika su da mai maras inganci a rina shi. Ka duba hatimin murfi ko an taɓa ɓalle shi, ka duba rubutun ko ya dushe ko akwai kuskuren harafi, ka nemi lambar rukuni da ranar ƙira, ka saya a wurin dillalin da kamfanin ya amince da shi, a kuma buɗe robar a gabanka. In an gama ka huda ta kafin ka yar. Idan farashi ya faɗi ƙasa da na ko'ina, to araha ba ta ado, kuma ɗan abin da ka rage ba zai biya ko kuɗin sauke giyabos ba, balle gyaransa. Abin da ke ba ni mamaki shi ne mutum ya kashe kuɗi a kan fitilu da rediyo da rim masu ƙyalli, amma idan an zo kan man giya sai ya tsaya yana ciniki.

Kai kuma yanzu, a fara da duba yawan man ta hanyar da littafin motar ya tsara, domin ƙarancinsa ma yana kawo zamewa, yawansa kuma yana sa shi kumfa. A shinshina shi: in ya yi baƙi yana warin ƙuna, ɓarna ta riga ta fara. A sa kwamfuta a karanta lambobin matsala. In mai ne ba daidai ba, a zubar a zuba na gaskiya, kuma sau ɗaya ba ya isa, domin kwance noti yana fitar da wani kaso ne kawai, saura yana maƙale a ciki. Sai an zuba an ɗan yi tafiya an sake maimaitawa. Idan an yi saurin kamawa, sau da yawa giyar takan dawo daidai, don haka kada ka yarda a sauke giyabos kafin a bi waɗannan matakan.

Tambaya: Batirina ya mutu. Zan iya sa a tura motar in jefa D ta tashi?

Amsa: A'a. Famfon man giya injin ke juya shi, in injin bai tashi ba babu matsin da zai kama giya, masu turawa za su gaji a banza. Ka nemi waya a haɗa maka da wani batir. Saboda wannan dalilin ne ma ba a jan atomatik da igiya zuwa nesa tayoyin da ke ja suna ƙasa. In ta mutu a hanya, a ɗora ta kan motar ɗauka.