Dashenmu yana mutuwa kowace shekara: da gaske itatuwa na rage ɗumamar yanayi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni manomi ne a arewacin Jigawa, kuma ina cikin ƙungiyar matasan da ke dashen itatuwa a garinmu. Damina uku ke nan muna karɓo dashe muna sawa a bakin hanya da filin makaranta, amma kafin watan Maris da ƙyar ɗaya cikin goma yake rayuwa. Ana ce mana itatuwa ne maganin sauyin yanayi. Da gaske ne? In kuwa da gaske ne, me muke yi ba daidai ba?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya saka muku da alheri da wannan ƙoƙari. Maganar da ake gaya muku akwai gaskiya a cikinta, sai dai an yanke ta a tsakiya. Itacen da ke taimakon yanayi shi ne wanda ya rayu, ya girma, ya daɗe a tsaye. Dashen da ya bushe kafin bazara bai riƙe komai ba, ko da an ɗauki hotonsa ranar bikin dashe.

Bari mu fara da lissafi. Ganye yana zuƙar iskar kabon dayoksaid, wadda ita ce babbar mai riƙe zafi cikin iskokin da ɗan'adam ke fitarwa zuwa sararin sama, ya haɗa ta da ruwa da hasken rana ya gina gangar jiki da rassa da saiwa. Kusan rabin nauyin busasshen icce kabon ne, kuma kowane kilo ɗaya na kabon yana daidai da kilo 3.67 na iskar da aka zuƙo. Ɗauki gawon da nauyinsa, in an busar da shi duka har saiwa, zai kai kilo 500. Yana riƙe da kabon kusan kilo 250, wato ya janye iska kusan kilo 900 daga sama. Litar fetur ɗaya tana fitar da kusan kilo 2.3, ka ga gawon nan ya shanye hayaƙin lita kusan 400. Amma shekaru masu yawa ya ɗauka yana tarawa, kuma ranar da aka sare shi aka ƙona, ko gara ta cinye shi, abin da ya tara sama yake komawa. Ajiya ce, kuma tana nan ne muddin mai ajiyar yana tsaye. Dashen da ke cikin leda kuwa, busasshen nauyinsa bai wuce 'yan giram ba.

A faɗin duniya, dazuzzuka da sauran tsirrai da ƙasa suna shanye kusan kashi 30 cikin ɗari na iskar kabon da ɗan'adam ke fitarwa kowace shekara, teku ya shanye kusan rubu'i, saura ya taru a sama. Ƙona man fetur da gas da kwal, haɗe da aikin siminti, yana fitar da tan biliyan 37 ko kusa da haka a shekara, sare daji da sauya amfanin filaye kuma yana ƙara kusan kashi 10 cikin ɗari na jimillar. Babu filin da zai isa a dasa itatuwan da za su shanye wannan duka, don haka duk wanda ya ce itace kaɗai ne magani ya zuzuta. Kuma adalci ne a faɗa: ɗan Amurka yana fitar da kusan tan 14 a shekara, ɗan Nijeriya bai kai tan ɗaya ba, ɗan Nijar kuwa kusan ushirin tan. Ba manomin Jigawa ne ya ɗumama duniya ba. Amma shi zafin ke fara gasawa, kuma itacen gonarsa yana biyansa tun kafin a zo maganar duniya: yana karya iskar da ke binne shukar gero da yashi a farkon damina, yana sanyaya ƙasa, yana ba dabba abinci da bazara.

Yanzu ga inda nake ganin ya kamata ƙungiyarku ta juya. Maƙwabtanku na arewa, Maraɗi da Damagaram, sun sha irin wahalar da kuke sha. Bayan farin da aka yi a shekarun 1970 an kashe kuɗi masu yawa a gandun renon dashe, mafi yawan abin da aka dasa kuma ya mutu. A 1983 wani ma'aikacin gona ɗan Ostireliya, Tony Rinaudo, da ke aiki a yankin Maraɗi, ya lura cewa 'yan ƙananan tsirran da ake sassabewa a gona kowace shekara toho ne na tsofaffin kututture waɗanda saiwarsu ke nan da rai a ƙarƙashin ƙasa. Manoma suka fara barin tohon suna yi masa aski maimakon sassabe shi ƙarƙaf, abin da a can ake kira sassaben zamani. Daga gona zuwa gona abin ya bazu, har hotunan tauraron ɗan'adam suka nuna cewa kusan hekta miliyan 5 sun sake samun itatuwa, kimanin miliyan 200, galibinsu ba a dasa su ba. Kwatanta da Babbar Ganuwar Itatuwa da Tarayyar Afirka ta amince da ita a 2007, daga Senegal zuwa Jibuti, wadda Jigawa ke cikin jihohi 11 na Nijeriya da ta shafa. Burinta hekta miliyan 100 nan da 2030, amma rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2020 ya nuna hekta miliyan 4 kacal aka gyara a cikin zirin da aka tsara.

Dalilin bambancin yana ƙarƙashin ƙasa. Dashen leda saiwarsa ba ta fi taƙi ɗaya ba, kuma dole ta ƙetare wata bakwai ko takwas babu ruwan sama. Tohon kututture yana zaune a kan saiwar da ta yi shekaru tana nutsewa, ta riga ta isa danshi, tana kuma da abinci a ajiye. Shi ya sa yake girma da saurin da dashe ba ya yi, ba tare da an ɗebo masa ko bokiti ɗaya ba.

Ga yadda ake yi. Kafin sharar gona, ka zaga da ƙafa ka ga abin da ke tohowa: sabara, kalgo, taramniya, geza, magarya, aduwa, gawo, ɗanya. A kowane kututturen da ka zaɓa za ka tarar da tsiro goma ko ashirin suna gasar ruwa, shi ya sa babu wanda ke zama itace. Bar uku zuwa biyar mafiya kauri da miƙewa, ka yanke sauran daga gindi. Waɗanda ka bari ka rage musu rassan gefe zuwa rabin tsayinsu kawai. Kuskuren da aka fi yi shi ne a aske su tas a bar ɗan tukku a kai: sai sandar ta yi tsawo babu ƙwari, iska ta karya ta ko saniya ta tanƙwara ta, kuma ganyen da zai ciyar da ita ya yi kaɗan. Adda ko gatari ya kasance da kaifi, kuma saran ya taso daga ƙasa zuwa sama. In ka saro daga sama, reshen yana saɓule ɓawon ya bar rauni dogo, nan ƙwari da ruɓa ke shiga. Ka ɗaura tsumma mai launi a kan abin da ka bari don mai neman itacen girki ya san da mai shi. Ka komo duk bayan wata biyu zuwa shida ka cire sabon tohon da ya fito, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Daga shekara ta biyu ko ta uku za ka iya sare ɗaya cikin sandunan kowace shekara don girki ko shinge, ka bar sabon tsiro ya maye gurbinsa, har ka tsayar da guda ɗaya ya zama babban itace. Fara da kututture 40 a hekta, ka ƙara in ka ga amfanin gona bai ragu ba.

Gawo ya cancanci kulawa ta musamman. Yana zubar da ganye da damina, don haka ba ya yi wa gero inuwa, ganyen da ya zubar taki ne, saiwarsa tana ƙara wa ƙasa sinadarin naitirojin, 'ya'yansa kuma abincin awaki ne a lokacin da babu ciyawa. Duk manomi ya san yadda geron gindin gawo yake fita daban. Ƙananan gawon da ke fitowa daga kashin dabbobi su ne garmar shanu ta fi kashewa, saboda haka a kafa musu tsinke ko a zagaye su da ƙaya kafin huɗa.

Inda babu kututture, kamar filin makarantarku, dashe ya zama dole, kuma mutuwar tara cikin goma tana da sanannun dalilai. Na farko lokaci. Sau da yawa dashe yana isowa a ƙarshen Agusta ko Satumba, saura 'yan makonni ruwa ya ɗauke. A yankinku Yuli ne lokacinsa, da zarar ƙasa ta jiƙu sosai. A haƙa ramin tun kafin ruwa, faɗi da zurfi santimita 40 zuwa 50, a cakuɗa ƙasar sama da ruɓaɓɓen taki. Ɗanyen taki yana ƙona saiwa kuma yana kiran gara. A yanke gindin ledar da wuƙa, a cire ta gaba ɗaya, a datse saiwar da ta nannaɗe, in ba haka ba za ta ci gaba da zagaye kanta har ta shaƙe itacen bayan shekara biyu ko uku. A bar ɗan kwari a gindin don ya tare ruwa, a rufe da kara ko ciyawa amma kada su taɓa jikin dashen. Sai akuya, wadda ta fi fari kashe dashe: duk wanda ba shi da kariyar ƙaya ko kwando ko tubali, kiwo aka kai mata. Sannan ban ruwa a ranin farko, bokiti ɗaya sau ɗaya ko biyu a mako, a zuba a hankali ya nutse. Yayyafin kullum yana sa saiwa ta tsaya a sama.

Babban dalilin kuma shi ne rashin mai shi. Dashe dubu a bakin hanya na kowa ne, wato babu wanda zai ɗauki jarka a watan Afrilu dominsa. Ku karɓi ɗari, ku raba, kowane itace da sunan gida ko ɗalibin da ke kula da shi, kuma a yarda tun farko cewa 'ya'yansa da rassansa na mai kulawar ne. A Nijar ma abin bai kankama ba sai da manoma suka tabbata cewa itacen da suka rena a gonarsu nasu ne, ma'aikacin gandun daji ba zai ci su tara a kansa ba. Ku riƙa ƙirga dashenku a watan Mayu, ranar nan ce za ta gaya muku abin da kuka yi.

A kan faƙo, inda ruwa ke gudu ba ya shiga, sai an fara gyara ƙasar. Manoman Illela a jihar Tawa sun farfaɗo da irin wannan fili da tassa: ramuka masu faɗin santimita 20 zuwa 30, zurfin 10 zuwa 20, a tara ƙasar ta ɓangaren gangare, a zuba taki cikin hannu ɗaya ko biyu. Akwai kuma rabin wata, mai faɗin mita 4, wanda bakinsa ke kallon inda ruwa ke gangarowa, kusan 300 a hekta. Irin itatuwan da ke cikin takin yakan tsiro da kansa a ramukan. Wannan aikin yana da nasa lada ga yanayi, domin kabon da ke cikin ƙasar duniya ya ninka wanda ke jikin dukan tsirrai, kuma duk karan da aka bari ya ruɓe a gona maimakon a cinna masa wuta yana ƙara wa ajiyar.

Kare itacen da ke tsaye ya fi dasa sabo sauƙi da riba, kuma a nan gawayi ne ciwon. A irin ƙonawar da ake yi a daji ta hanyar rufe icce da ƙasa, kilo ɗaya na gawayi yana cin kilo 5 zuwa 10 na icce, wato buhu mai kilo 30 ya lashe kilo 150 zuwa 300. Kuma ƙirya da marke da kaɗanya ake nema, masu nauyi da jinkirin girma, waɗanda dashen shekara ashirin ba zai maye su ba. Murhun duwatsu uku kusan ushirin zafin wutar ne kawai ke isa tukunya. Murhun laka mai kewaye, in an gina shi daidai da girman tukunyar, yana rage cin icce da kusan sulusi. Ƙungiyar da ta koya wa gidaje hamsin gina shi ta ceci itacen da ya fi wanda za ta iya dasawa a damina ɗaya.

Ba kowane fili ne ke son itace ba. Itacen turare yana girma da sauri amma yana shan ruwa sosai, kada a kai shi fadama ko kusa da rijiya. Filayen kiwo da burtali da dausayi irin na Haɗeja da Nguru suna riƙe nasu kabon a saiwar ciyawa da laka, kuma toshe burtali da sunan dashe rigima kawai yake haifarwa. Darbejiya tana da kyau a bakin hanya da cikin gari, a tsakiyar gona kuwa inuwarta tana danne shuka.

Wataƙila wata rana wasu su zo muku da maganar kuɗin kabon. Abu ne da ke faruwa: a Humbo ta ƙasar Habasha al'umma sun farfaɗo da daji mai hekta 2,700 da 'yan kai ta hanyar renon kututture, kuma an biya su kuɗin iskar da dajin ya shanye. Sai dai irin wannan yarjejeniya takan ɗaure fili shekara 20 zuwa 30. Kafin kowa ya sa hannu, a karanta takardar da Hausa a gaban mai gari da masu gonaki, a ji wa ke da itacen, ko an yarda a yi kiwo da sassabe a ciki, kashi nawa ne zai iso hannun manomi, da kuma wanda zai ɗauki asara in gobara ta cinye dajin.