Jego a hawa na 14

'Yata, bayan gaisuwa, ina fatan kuna lafiya, ke da maigidanki. Allah ya sauke ki lafiya. Saƙonki na murya ya iso, sau biyu na sa aka kunna mini. Kin ce ciki ya shiga wata takwas, ga ku a hawa na 14 na wani dogon bene a bakin tekun Khubar, can gabashin Saudiyya, ba tsakar gida, ba murhu, ko sunan maƙwabciya ɗaya ba ki sani ba. Kina tambaya yaya za a yi jego da suna a irin wannan wuri, wai kuma wata ta ce miki zaman dogon bene alamar tashin duniya ne, al'ada ba ta hawa lifta. Na yi dariya har tari ya sarƙe ni. Ƙanwarki ce ke rubutawa ina faɗa, in kin ga kuskure nata ne.

Mai maganar tashin duniya ba ƙarya ta yi duka ba. A hadisin Mala'ika Jibrilu an ambaci makiyaya marasa takalmi suna gasar tsawaita gini. To amma gasa aka ce, ku kuwa haya kuke biya. Masu gasar suna nan suna yi. Benen agogon Makka mita 601 ne. Nan arewacin Jidda, wajen Abhur, an fara wani a 2013 da niyyar ya haura mita 1,000, ya shafe Burj Khalifa na Dubai mai mita 828. Aikin ya tsaya a 2018, ginin ya yi shekaru a tsaye kamar giginyar da aka sare wa kai, sai a 2025 aka koma masa. Wannan tsakaninsu da Ubangijinsu ne, ba ruwan mai ciki.

Khubar ɗin naku ma ai jiya-jiya ne. Ƙauyen masunta ne da Larabawan ƙabilar Dawasir suka kafa bayan sun tsallako daga Bahrain a 1923. Aka samu mai a Dammam a 1938, aka buɗe gadar Sarki Fahad mai kilomita 25 a 1986, bakin ruwa ya yi tsada, kowa na son taga mai kallon teku. Inda fili ya yi tsada kuwa, gini sama yake yi.

Abin da nake so ki sani shi ne, bene ba baƙonmu ba ne. Kakanki da ya taho hajji ta ƙasa, a Sawakin, tsohuwar tashar jiragen ruwan Sudan, ya shiga jirgin ruwa. Yakan ba mu labarin gidajen garin, hawa biyu da uku, na dutsen murjani da ake ciro wa daga teku. Ko a lokacin sun fara zubewa, don tun da Turawa suka buɗe Bur Sudan a 1909 fatauci ya koma can, masu gidajen suka bi shi, aka daina shafe bango da farar ƙasa, gishirin teku ya yi ta cin dutsen. Da ya sauka Jidda ya tarar da waɗanda suka fi su, hawa huɗu, biyar.

Ni da kaina na yi aikatau ina budurwa a ɗaya daga cikin gidajen Balad, tsohon garin Jidda. Ƙasa wurin ajiyar kaya ne da ɗakin baƙi maza, kamar dai zaurenmu. Sama iyali ne: tsohuwa da ɗakinta, kowane ɗa da matarsa da hawansu, can ƙololuwa kuma rufin da ake shimfiɗa a kwana lokacin zafi. Tagogin katakon nan da ake ce wa roshan, iska na shiga, mace na ganin titi ba a ganinta. Tsohuwar gidan takan zura kwando da igiya ta roshan, mai talla ya zuba mata kaya ta ja. In an haihu a hawa na uku, kafin jariri ya gama kukan farko na ƙasa sun hau. Gidan gandu ne aka tsayar da shi tsaye, ba wani abu ba. Naku kuwa ya fi shi tsawo nesa ba kusa ba, sai dai baƙi aka jera kan baƙi, kowa da makullinsa. A nan ciwon yake, ba a tsawon ba.

Yanzu ga jegon. Wankan ba sai da tukunya a kan itace ba. Ruwan hita ya isa, a tafasa ganyen darbejiya a kicin a juye a bokiti, safe da yamma. Darbejiya ba ta wuya a ƙasar nan, ita ce ma bishiyar da ke ƙofar Baitu Nasif a nan Jidda, gidan da Sarki Abdul'aziz ya sauka a 1925, har ana kiransa gida mai bishiya. Amma kar ki yarda kowa ya yarfa miki tafasasshen ruwa irin na zamaninmu, mun sha saɓulewar fata muna cewa jarumta ce. Kunun kanwa ma ki sassauta. Tun shekarun 1970 likitocin Zariya suka gano yawan kanwa da kwanciya kan gadon wuta suna sa masu jego kumburi da ciwon zuciya. Ni na ga mai jegon da ƙafafunta suka kumbura kamar turmi, muna ta ƙara mata kunu wai sanyi ne ya shige ta. Ki sha kunun gyaɗa, ki ci ƙauri da yajinsa, in an yi miki aiki kuma maganar likita ce gaba da tawa.

Mabiyya kuwa, mu ma tun da muka koma haihuwar asibiti muka daina binne ta a bayan ɗaki, ba abin da ya same mu. Cibiya in ta faɗi ki naɗe a ƙyalle, ni zan san inda zan kai ta. Ragon suna a kai shi mayankar baladiyya, wato ta hukumar gari, kar mijinki ya ce zai kayar da shi a wurin ajiye motoci. Taro in ɗakin bai ɗauka ba a kama istiraha, gidan hayar taro, ta yini ɗaya. Duk waɗannan kayan da ake sauya musu wuri ne.

Wanda ban yarda ki bari ba shi ne kwano. Kin san an rushe unguwarmu a rusau ɗin da aka fara ƙarshen 2021, wanda ya ci Ghulail da Karantina da Sabil da sauransu. Matan da muka yi shekara 40 muna miƙa wa juna gishiri ta katanga, kowa ta kama gabanta. Na dawo hawa na uku, na yi wata biyu ba wadda ta ce mini ci kanki. Ran nan na yi tuwon shinkafa miyar taushe, na zuba a kwanon samira, na ƙwanƙwasa ƙofar da ke kallon tawa. Wata 'yar Yaman ta buɗe kaɗan, sarƙar ƙofar na maƙale, tana kallona kamar na zo bara. Na miƙa na juyo, ina jin kunya kamar in nutse. Kwana biyu sai ga kwanona ya dawo da bint as-sahn, gurasar zuma ta mutanen Yaman, a ciki, zuma na naso ta gefe. Da hawan jini ya kayar da ni bara, ɗanta ne ya sauko da ni, lifta ta lalace, a bayansa ya goya ni.

Malamai kan ce maƙwabtaka gida 40 ce ta kowace fuska. Ba na ce ki bi benen kaf ba. Nana A'isha ta tambayi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, cikin maƙwabta biyu wa za ta ba kyauta, ya ce wanda ƙofarsa ta fi kusa. To ki fara da ƙofofin hawanku, tun yanzu, kar ki bari sai naƙuda ta kama ki da dare mijinki na wurin aiki. Kwano na gaske za ki kai, ba robar da ake yarwa ba, don ita roba ba ta dawowa. Mai gadin benen ma a zuba masa nasa. Ranar suna kowace ƙofa ta samu naman suna da dabino, ko sun san al'adar ko ba su sani ba.

Ni zan taho da kaina kafin watan ya kama, in zauna har arba'in. Yaji na riga na sa an daka, daddawa da kuka suna nan a ƙulle. Ki ce wa maigidanki ya tare ni a filin jirgin Dammam, kuma a shimfiɗa mini nesa da taga, don jiri nake ji.

Gwaggonki, daga Jidda.