Abin da Ya Sa Muka Bar Hanyar Hada Ranar Nan

Ɗana, ka tambaye ni dalilin da ya sa ranar nan na bi da fasinjojinmu ta hanyar Sail zuwa Ɗa'ifa, alhali rana tana ƙwallewa a Makka, kuma ta Hada ce ta fi kusa. Da ka ɗaga kai lokacin da muke shan mai, da ka ga gajimare ya sauka ya lulluɓe kan dutsen Hada. Tsayin Makka daga teku bai cika mita 300 ba, Hada kuwa tana wajen mita 2,000, don haka hasken da ke kanka a ƙasa ba ya ba ka labarin abin da ke jiranka a sama.

Gajimaren nan, idan ka kutsa cikinsa, hazo ne mai kauri wanda yake ɓoye maka motar da ke gabanka har sai ta taka burki. A cikinsa ƙaramar fitila ake kunnawa, domin hasken babbar dawo maka yake yi cikin ido. Ka rage gudu tun kafin ka isa kwana, kuma ko fasinja ya roƙe ka ya ɗauki hoton birai, kada ka tsaya a bakin kwalta.

Amma ni yayyafin farko na fi tsoro. Bayan watanni babu ruwa, ƙura da ɗigon man inji da gogar tayoyi sun kwanta a kan titi, kuma da zarar sun jiƙe sai su zama kamar an zuba miyar kuɓewa. Na taɓa jin sitiyari ya yi sakwakwa a hannuna a wata kwana, gudun da nake yi kuma bai taka kara ya karya ba. Allah ne ya kiyaye. Idan ruwan ya yi ƙarfi, duwatsu kan gangaro kan hanya, shi ya sa murur, wato 'yan sandan hanya, suke rufe ta, su tura kowa Sail bayan ya riga ya ɓata lokacinsa.

Wajen saukowa, ka sa giya ta biyu inji ya riƙe maka motar, domin burkin da aka danne tun daga sama zafi yake ɗauka, sai ka ji ƙauri, sannan ya daina kamawa. Gobe kafin mu tashi ka duba zanen tayoyin gaba da robar waifa, domin na ga rana ta soma tsattsaga ta ɓangarenka.