Duk Janairu sai na rantse, kwana huɗu na koma wa sigari

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni direban haya ne, ina jigila tsakanin Kano da Zariya, shekarata 34. Shekara 11 ke nan ina shan sigari, yanzu kusan kwali guda nake tashi da shi a wuni. Sau uku ina rantsuwa ranar 1 ga Janairu cewa na bari, amma ban taɓa wuce kwana huɗu ba. Bana na ƙudurta zan bar sigari da lemon kwalba da goro da raba dare ina latsa waya, duk a tashi ɗaya. Uwargida ta daina yarda da alƙawarina, ni ma na fara jin kunyar kaina. Ina mafita?
Wani direba, Zariya

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanena. Fara da sauke uku daga cikin kayan nan huɗu. Kai direba ne, ka fi ni sanin abin da ke samun motar da aka yi wa lodi fiye da ƙima idan ta zo hawa. Lemo da goro da waya su bi layi. Sigari ne babbansu: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce taba na kashe sama da mutum miliyan 7 duk shekara, kuma a cikinsu har da waɗanda ba su taɓa kunna kara ba, hayaƙin wasu kawai suka shaƙa. Ka tuna da iyalinka a nan.

Kwana huɗun da kake faɗi kuwa ba ragwantaka ba ce. Nikotin, sinadarin da ke sa jarabar taba, na isa ƙwaƙwalwa cikin 'yan daƙiƙu da zuƙa, kuma shekara 11 jikinka ya saba a ba shi sau ashirin a wuni. In aka yanke, kwanaki ukun farko su ne mafi tsanani: ƙunci, saurin fushi, ciwon kai, barci ya ƙi zuwa, ga yunwa kamar ta fara. Daga nan abin ke soma sauƙi, cikin mako biyu zuwa huɗu ya lafa sosai. Ashe duk shekara sai ka kusa gama hawan kake kashe mota.

Ni ma na sha, shekara tara, kuma abin kunya a lokacin ina aikin jinya ne, ina yi wa masu tari wa'azi da warin taba a rigata. Ba Janairu ce ta raba ni da ita ba. Abin da ke kayar da ni benci ne, na mai shayin bakin ƙofar asibiti. Ina ajiye kofi hannuna zai tafi aljihu da kansa. Mai tiredar gefe kuma ya haddace ni, kafin in buɗe baki ya turo kara biyu, ya rubuta a littafin bashi. Sai ranar da na biya bashin nan kaf, na ce masa ko da kuka na zo kada ya sayar mini, na kuma koma shan shayina a ɗakin ma'aikata, sannan na tsallake mako guda a karon farko.

Don haka nemo naka bencin. Mako guda kafin ranar da ka tsayar don bari, duk karan da ka kunna ka lura da inda kake. Zaman jiran lodi ne a tashar Unguwa Uku? Bayan ka tashi daga kan tuwo ne? Ko tsayawar Kwanar Dangora? Za ka tarar wurare uku ne ko huɗu suke ta maimaituwa. Kowanne ka tanadar masa abin yi, domin ƙishirwar taba tasowa take yi ta kwanta, 'yan mintoci ne. Sa asuwaki a aljihun da kwalin yake zama, ka ajiye aya ko gyaɗa da gorar ruwa kusa da giyar mota. In ta taso a tasha, sauka ka zagaya motar ka duba tayoyi. Ashana da laita kuma su bar motar tun daren jajibiri.

Goro na ce ya jira, amma kada ka ƙara shi. Hayaƙin taba na sa hanta ta yi saurin kawar da sinadarin kafin (caffeine) mai hana barci da ke cikin goro da shayi da kofi. Da ka bari, goron da ka saba ci zai fi kama ka, gaba ya riƙa faɗuwa, barci ya gudu, ka ɗauka rashin sigari ne. Rage shi daga la'asar. Shisha da taba gari ma ba mafita ba ne, nikotin ɗin dai ne ya sake riga. Idan abin ya ci tura, akwai cingam na nikotin da wanda ake mannawa a fata, ka je likita ya tsara maka yadda za ka yi amfani da su.

Tarkon da na fi ji maka tsoro shi ne "kara ɗaya kawai". Dokar taba ta 2015 ta hana sayar da sigari kara-kara a Najeriya, amma ni da kai mun san yadda tireda take. In har ka zame ka sha ɗaya, ɗaya ka sha, kada ka ce shekara ta ɓaci sai wata Janairun. Ga azumi ma na tafe. Mutumin da ke yin wata guda daga asuba zuwa magariba bai kunna ba, ya riga ya san hanya. Wurin faɗuwarsa bayan buɗa-baki ne, to daga dabino sai masallaci, ka zarce har asham.

Tari zai iya ƙaruwa a makonnin farko, ƙirji ne ke share kansa. Amma in ya haura mako biyu da rama da gumin dare, ko ka ga jini, je asibitin gwamnati a yi maka gwajin tarin fuka, kyauta ne.

Rantsuwa kuma ka bar ta haka, ukun da suka wuce ka tambayi malamai batun kaffararsu. Uwargida ta gaji da jin alƙawari. Kullum in ka dawo da yamma, ka ƙirga kuɗin kwalin ranar ka damƙa mata ta jefa a asusu, kuma a hannunta asusun zai zauna.