Tambaya da Amsa: An ce saura ƙiris jirgin da ya kawo mahaifiyata ya tarwatse

Tambaya: Assalamu alaikum Injiniya. Ni mazauniyar Jidda ce. Mahaifiyata ta zo Umra daga Kano makon jiya. Ta ce jirginsu ya sauko har suna hango motoci, sai ya yi ruri ya sake ɗagawa, suka zagaya kafin su sauka. Washegari wani shafi a Facebook ya sa hoton jirgi yana ci da wuta, ya rubuta wai saura ƙiris ya tarwatse da masu Umra. Tun daga nan ba ta barci. Ta ce ba ta komawa ta sama, ai jirgi in ya samu matsala babu mai fita. Da gaske rijiya suka tsallake da baya?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Ki gaida Hajiya, Allah ya karɓi ibada. Ki ce mata babu rijiyar da suka tsallake. Matuƙi ya ga saukar ba ta daidaita ba, ko iska ta juya, ko wani jirgin bai gama barin titi ba, sai ya fasa ya zagayo. Ana koyar da wannan tun a makarantar tuƙi, ana kuma maimaita shi a na'urar gwaji. Mu a wurin aiki, matuƙin da ke ba mu tsoro shi ne mai nacewa sai ya sauka ko ta halin ƙaƙa. Hoton wutar kuwa ba na jirginsu ba ne, tunda lafiya ta sauko da ƙafarta. Masu irin waɗannan shafuka da yawan masu dannawa suke cin abinci. "Jirgi ya zagaya ya sauka lafiya" ba ya kawo ko halala ɗaya.

Ki lura da abu ɗaya: a ƙa'idar hukumar jiragen sama ta duniya, rahoton farko na haɗari yana fitowa cikin kwana 30, na ƙarshe kan ci shekara. Duk wanda ya faɗa miki dalili kafin la'asar, ƙirƙira ya yi. Mutanenmu ba su manta jirgin alhazan Sakkwato da ya faɗi a nan Jidda ranar 11 ga Yuli 1991 ba, inda mutum 261 suka rasu, Allah ya jiƙansu. Abin da bincike ya gano ba ya daɗin kanun labari: tayoyin da iskarsu ba ta cika ba ne suka fashe wajen tashi, suka kama wuta, aka naɗe su cikin jirgin da wutarsu.

Amma maganar Hajiya ta ƙarshe ce ta fi damuna, wai babu mai fita. Kullum ina jin ta, a majalisa, a layin awon kaya, har a bakin masu digiri. Jaridun nan ne suka dasa ta, domin ba sa nuna komai sai tarkace. Wanda kuwa ya yarda da ita ba zai saurari ma'aikaciyar jirgi ba lokacin da take nuna ƙofofi. Zai ce me ye amfanin. Zai kwance ɗamarar kujera da zarar an tashi, ya ja bargo. Ranar da abu ya faru bai san ina zai nufa ba, sai ya miƙe ya buɗe akwatin sama yana neman jakar turare da dabino, mutum hamsin na bayansa suna shaƙar hayaƙi. Wani ma waya zai ɗaga yana ɗaukar bidiyo, don ya ba shafukan nan abin yaɗawa.

Ana fita, 'yar'uwa. Ba a ba babban jirgin fasinja lasisi sai an gwada an kwashe kowa cikin daƙiƙa 90, rabin ƙofofi a rufe. Ranar 2 ga Janairu 2024, a filin Haneda na Tokyo, jirgin Japan Airlines ya yi karo da ƙaramin jirgi a kan titi, wuta ta cinye shi ƙurmus. Mutum 379 ne a ciki, dukkansu sun fita da rai, kuma hannu rabbana suka fito, sun bar kayansu. Ki kwatanta da Riyad a Agustan 1980: jirgin Saudiyya mai zuwa Jidda ya koma da wuta a ɗakin kaya, ya sauka lafiya lau a kan titi. Ba a kwashe mutane nan take ba, aka haura minti 20 kafin a buɗe ƙofa daga waje. Mutum 301, babu wanda ya tsira, hayaƙi ya gama da su. Har a nan ma an yi ta yaɗa cewa risho ɗin fasinja ne ya tada gobarar, alhali bincike ya nuna daga ɗakin kaya na baya ta fara.

Kada kuma wani ya ce min ai ajali ne. Ajali gaskiya ne, babu mai ja. Amma wanda ya koya mana tawakkali, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, shi ya ce wa mai raƙumi ya ɗaure shi sannan ya dogara. Karanta addu'ar tafiya da ƙirga kujeru ba kishiyoyi ba ne. Kuma in ka tare hanya saboda jaka, ba ranka kaɗai ka sa a caca ba, har da na tsohuwar da ke bayanka. Wane zinare ne ya kai wannan? Mai tura wa tsofaffi hoton ƙarya da dare shi ma ya shirya amsarsa.

Daren da Hajiya za ta koma, ki zauna da ita. Fasfo da magani a ƙaramar jaka a rataye ƙarƙashin hijabi, sauran kaya ta ɗauka ba nata ba ne in aka ce a fita. Da ta zauna ta ƙirga layin kujeru nawa ne tsakaninta da ƙofa mafi kusa, gaba da baya, domin cikin hayaƙi da hannu ake laluba. Ɗamara a ɗaure ko tana barci. In ƙafa na damunta, ki faɗa wa kamfanin tun kafin ranar tafiya a tanadar mata keken turawa.